Ɓeraye maza kaɗai zan saya, ko har da mata?

Wata ɗalibar digiri na biyu a Jos ta rubuto mana: "Zan yi bincike kan yadda takura a lokacin tasowa ke jawo alamun ciwon damuwa a ɓeraye. Kuɗina kaɗan ne, kuma an ce in sayi maza kawai, wai zagayen jikin mata yana rikita sakamako. Me kuka gani?"

Malama, ki sayi duka biyun. Idan kuɗin ya gaza, gara ki rage yawan gwaje-gwajen da ki bar mata. A wajen mutane, daga balaga zuwa sama, ciwon damuwa ya fi kama mata da kusan ninki biyu, don haka binciken da ya tsaya kan maza ya kauce wa inda matsalar ta fi yawa. A ɓeraye ma jinsin biyu ba sa tafiya ɗaya. A 2011, Bourke da Neigh na Jami'ar Emory a Amurka sun takura wa ɓeraye masu tasowa na kusan mako biyu. Matan ne suka rage shan ruwan sikari, wanda ake ɗauka alamar ciwon damuwa a ɓera, halinsu ya sauya har bayan sun girma, su kuwa mazan abin ya fi bayyana a nauyin jikinsu. Wanda ya sayi maza kaɗai da ya tashi da cewa takurar ba ta taɓa hali ba. Zancen wai mata sun fi rikitarwa kuma, an tattara ɗimbin bincike a 2016 aka ga sakamakonsu bai fi na maza warwatsuwa ba. A shekarar ce hukumar binciken lafiya ta Amurka, NIH, ta fara neman masu karɓar tallafinta su duba jinsi a bincikensu.

Rukuni huɗu ke nan za ki yi: maza da aka takura da waɗanda aka bari, haka ma mata. Ɓera 8 zuwa 10 a kowanne, jimilla 32 zuwa 40.

Inda ɗalibai suka fi yin asara shi ne wajen sayen. A nan ƙasar an saba sayar da ɓera da nauyi, a ce miki giram 150 ko 200. Nauyi ba ya gaya miki kwanakin haihuwa, kuma namiji ya fi mace sa'arsa nauyi. Tasowar ɓera gajeriya ce: ana yaye shi a kwana 21, tsakiyar tasowar tana faɗowa tsakanin kwana 28 da 42, a kwana 60 ya zama babba. Mace tana balaga wajen kwana 32 zuwa 35, namiji sai bayan kwana 40. Idan aka ba ki ɓera mai wata biyu da rabi, binciken manya za ki yi, ko da takardarki ta ce masu tasowa.

Saboda haka ki nemi ranar haihuwa a rubuce kafin ki biya. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom tana kusa da ke, akwai kuma cibiyar binciken magunguna ta NIPRD a Idu, Abuja. Duk inda kika je, tambayarki ta farko ke nan. Kusa ya fi, domin tafiya a mota ita kanta takura ce, kuma ɓera na buƙatar kamar mako guda ya saba da sabon wuri. Ki karɓe su ranar yaye, makon sabawar ya ƙare daidai kwana 28. Mafi kyau ma ki sayi masu ciki su haihu a wurinki, cikin nasu kwana 21 zuwa 23 ne. Kada ki zuba 'ya'yan uwa ɗaya a rukuni ɗaya, ki rarraba su ɗaya ko biyu. Ki raba maza da mata tun yaye, biyu ko uku a keji, don ɓera shi kaɗai a keji ya riga ya shiga takura kafin ki fara. Kuma kada ki sayi ko ɗaya sai kwamitin kula da haƙƙin dabbobin gwaji na makarantarku ya amince da tsarinki.

Shi kuma zagayen mata, wato hawa da saukar sinadaran haihuwa a jikinsu, kwana 4 zuwa 5 ne. Ruwan gishiri kaɗan, gilashin gwaji da maikiroskof sun isa ki gane matakin da kowace take, ki rubuta. Ki riƙa kama mazan ma na daidai wannan lokaci, kada taɓawar ta zama bambanci tsakaninsu.

Wani mai karatu daga Gwagwalada yana tambaya: "Mai kawo mana kaya ya ce kit ɗin ELISA na kotisol ya fi araha, kuma yana da shi a ƙasa. In karɓa?"

Ɗan'uwa, kada ka karɓa. Kit ɗin ELISA kayan auna yawan homon ne a jini, shi kuwa kotisol homon ɗin takura ne na mutum. Babban homon ɗin takura a jinin ɓera kotikosteron ne. Ka nemi kit ɗin da aka rubuta yana aiki da jinin ɓera, ka duba ranar lalacewarsa, ka tabbatar ya iso da sanyinsa, domin yawanci tsakanin digiri 2 da 8 ake ajiye shi. Farantin kit ɗaya rami 96 ne, amma idan ka cire na ma'auni ka zuba kowane samfuri sau biyu, kusan 40 zai ɗauka. Ka haɗa maza da mata a kowane faranti.

Kit mai kyau ba zai gyara jinin da aka ɗiba ba daidai ba. Kotikosteron yana ƙasa da safe, yana hawa gab da duhu lokacin da ɓera ke farkawa, sai ka tsayar da awa ɗaya kullum. Daga taɓa keji zuwa gama ɗiba kada ya wuce minti 3, in ya wuce tsoron hannunka kake aunawa. Na mata ya fi na maza yawa tun asali, domin istrojin, homon ɗin mata, yana ƙara shi, testosteron na maza kuma yana danne shi. Ƙila sai ka ƙara tsarma samfurinsu. Masu tasowa kuma nasu yana jinkirin sauka bayan takura, don haka ka ɗiba har sau uku: kafin takura, a ƙarshenta, da bayan awa ɗaya ko biyu. Ka raba ruwan jinin ƙanana-ƙanana a firiza mai digiri 20 ƙasa da sifili. Da yanayin wutarmu, wanda ya narke ya sake daskarewa sau da yawa ba abin dogaro ba ne.

Tambaya ta ƙarshe gajeriya ce: "Bokitin gwajin ninkaya zan saya, ko kwalaben ruwan sikari?"

In ɗaya za a iya, kwalabe. A gwajin ninkaya ana saka ɓera a bokitin ruwa ne a ga lokacin da zai daina iyo. Masana da dama yanzu suna ganin ɓeran da ya daina iyo dabarar jurewa yake yi, ba lallai yanke ƙauna ba. Kwalba biyu a keji, ɗaya ruwa zalla, ɗaya mai giram 10 na sikari a lita guda. A sauya musu gefe a tsakiyar gwajin, a auna da sikeli, a lissafa da nauyin jikin kowane ɓera. A rataya kwalba ɗaya a kejin da babu kowa, a ga yawan abin da ke ɗiga shi kaɗai, a cire shi daga lissafi.