Manhajar kyauta ta gina rumbun bayanai: in masu yin ta suka gaji fa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ke kula da bayanan wata ƙaramar ƙungiya, sunayen mambobi, kuɗin da suka biya, da kayan da ke ajiye, duk a Excel muke kuma yanzu ya yi mana kaɗan. Na gwada irin manhajojin nan masu buɗaɗɗen tushe, wato waɗanda kod ɗinsu a buɗe yake ga kowa, da ake haɗa tebur da fom ba sai an rubuta kod ba, kuma ta yi min sosai. Damuwata kyauta ce, kuma da alama mutum ɗaya ko biyu ke yin ta. In suka bari fa? Zan iya dogara da ita shekara goma?

Amsa: Wa alaikumus salam. Gaskiya na ji daɗi da ka yi tambayar nan tun kafin ka kwashe bayanan mutane ka zuba a ciki, don yawanci sai ta ɓaci ake nemo mu.

Babu wanda zai yi maka alƙawarin shekara goma, ko su masu yin ta. Amma fa kar ka ɗauka ta kuɗi ko ta babban kamfani ta fi tsira. Akwai wani dandali Parse da masu haɗa manhajojin waya suka dogara da shi wajen ajiye bayanai, Facebook ya saye shi a 2013, a Janairun 2016 kawai aka wayi gari da sanarwar za a rufe, aka ba mutane shekara ɗaya su kwashe nasu ya nasu, aka kuma rufe ɗin a 2017. Abin da ya ceci da yawa shi ne an saki kod ɗinsa a buɗe, jama'a suka ɗora a sabar kansu, wato kwamfutar da manhajar ke aiki a kanta, suka ci gaba. To bambancin ke nan, rufaffiya in ta mutu ta tafi da ƙofarta, buɗaɗɗiya kuwa in an daina kula da ita tana nan tana aiki a kan na'urarka, gyara ne kawai ya tsaya.

Shi ya sa ni ba na tsayawa kan za ta daɗe ko ba za ta daɗe ba, abin da nake dubawa shi ne ranar da ta tsaya me zan iya fita da shi. Irin waɗannan manhajoji hawa biyu ne. A ƙasa akwai ainihin rumbun da bayanan ke kwance, a sama kuma akwai abin da kake gani, fom, maɓallai, wa ke da izinin ganin me. Na ƙasan in PostgreSQL ne ko SQLite ko MySQL to ka kwantar da hankalinka, PostgreSQL tun 1996 yake da wannan sunan kuma ba mallakin kamfani ɗaya ba ne, masu SQLite kuma sun bayyana niyyarsu ta ci gaba da kula da shi har 2050. Cikin irin manhajojin da kake magana, Saltcorn misali yana zama kan PostgreSQL ko SQLite, Baserow kan PostgreSQL, NocoDB kuma za ka iya haɗa shi da rumbun da kake da shi tun asali.

Amma kar ka tsaya kan abin da suka rubuta a shafinsu. Ka sauke DBeaver ko pgAdmin, manhajojin leƙa cikin rumbun bayanai ne, ka shiga rumbun kai tsaye ba ta cikin manhajar ba, ka buɗe teburin mambobinka ka gani da idonka. A wasu za ka tarar da shi tsaf, tebur mai suna mambobi, ginshiƙin suna, ginshiƙin lambar waya, yadda ka tsara. A wasu kuma sai ka ga suna irin field_1021 da field_1022, bayanan suna nan amma fassarar wace lamba ce suna wace ce waya tana wani teburin daban, za a iya warwarewa amma aiki ne, kuma gara ka san da haka yau. Na saman shi ne ba ya ƙaura, duk fom da ka jera da ƙa'idar cewa in mutum bai biya ba a tura masa saƙo, wannan sai dai a sake ginawa a wata manhajar. Don haka duk ƙa'idar da ka saka ka rubuta ta a wata takarda daban da bayani mai sauƙi, kuma kar ka cika ta da ƙarin kayan haɗi na wasu mutane barkatai, su ne ke fara karyewa.

Sai batun masu yin ta. Je ka shafinta a GitHub, dandalin da masu kod ke ajiye aikinsu, danna Insights sannan Contributors. Kar yawan taurari ya ruɗe ka, tauraro dannawa ce kawai, ba ya gyara kuskure. Duba shekarar da ta wuce mutum nawa suka saka aiki na gaske, yaushe aka fitar da sigar ƙarshe, kuma in wani ya kawo ƙorafi ana amsa masa ko sai wata shida shiru. In ka ga mutum ɗaya ne ke ɗauke da kusan komai, wannan ba yana nufin manhajar ba ta da kyau ba, wasu mafi inganci haka suke, amma ka sani rashin lafiya ɗaya ko sabon aiki ɗaya na iya tsayar da komai. Abin da ya faru da xz a Maris 2024 ya isa misali, ƙaramar manhajar matse fayil ce da ke cikin kusan duk Linux, mai kula da ita shi kaɗai ne kuma ya gaji, wani ya shafe kusan shekara biyu yana taya shi aiki har ya samu amana sannan ya dasa ƙofar baya a ciki, wato ɓoyayyiyar hanyar kutse, Allah ya sa wani injiniya Andres Freund ya lura shiga kwamfuta daga nesa ta hanyar SSH na yin jinkiri ya bi diddigi.

Kuma ka tambayi kanka da me suke cin abinci. Wasu suna sayar da masauki, wato su riƙe maka sabar ka biya duk wata. Wasu tushen kyauta ne amma wasu ɓangarori na kuɗi. Wasu gudummawa kawai. Ni dai na fi natsuwa da wadda na ga inda kuɗinta ke fitowa a fili, kuma in ƙungiyarku za ta ɗora aikinta kacokan a kai, don Allah ku ware musu wani abu ko kaɗan ne duk shekara, ko ku biya masaukinsu. Yana min ciwo yadda muke mora shekara da shekaru ba ko sisi, ranar da mutumin ya ajiye kuma mu fi kowa ƙorafi.

Tambaya: Na ji ana cewa suna iya canza lasisi. Za su iya ƙwace wadda nake amfani da ita?

Amsa: A'a. Sigar da aka riga aka saki ƙarƙashin lasisin buɗaɗɗen tushe irin su MIT ko Apache ko GPL ko AGPL ta fita ke nan, ba a janyewa. Sababbin sigogi ne za su zo da sabon sharaɗi. Kuma yana faruwa sosai, musamman inda masu zuba jari suka saka kuɗi suna jiran riba, MongoDB ya yi a 2018, Elasticsearch a 2021, Terraform da Directus a 2023, Redis a 2024. Wani lokacin jama'a na ɗaukar tsohon kod su ci gaba da sabon suna, haka OpenTofu ya fito daga Terraform, Valkey daga Redis, haka ma LibreOffice ya ɓalle daga OpenOffice a 2010 bayan Oracle ya sayi Sun. Sai dai waɗannan duk akwai manyan kamfanoni ko taron masu kod da ke buƙatarsu, ƙaramar manhajar gina fom ba lallai ta samu mai ɗaukar ta ba, kar ka gina lissafinka a kan wani zai ɗauka. Sau da yawa kuma sabon sharaɗin masu sayar da manhajar yake nufi ko manyan kamfanoni, ƙaramar ƙungiya mai amfanin kanta ba ya taɓa ta, amma a karanta dai.

Tambaya: To in an daina sabunta ta, ba sai in ci gaba da tsohuwar ba kawai?

Amsa: Za ka iya, na ɗan lokaci. Matsalar ba ita kaɗai take tsaye ba, tana kan wasu abubuwa da su ma suke da wa'adi, kowace babbar sigar PostgreSQL shekara 5 ake kula da ita, sigogin Node.js masu dogon tallafi kuma, wanda da yawa cikin irin manhajojin nan ke gudana a kansa, kusan wata 30. Ranar da aka gano ɓaraka a ɗaya daga cikin ɗaruruwan ƙananan kayan da aka haɗa ta da su, irin ta Log4j a Disamba 2021, babu mai toshe maka, kuma bayanan mutane ne a ciki da lambobinsu. In ta kai ga haka ka cire ta daga buɗaɗɗiyar intanet, a riƙa shiga ta cikin ofis ko ta VPN kawai, wato keɓaɓɓiyar hanyar shiga daga nesa, ka ba kanka wata shida zuwa shekara ka ƙaura a tsanake.

Abin da zan so ka yi wannan makon, tun bayanan gwaji ne a ciki: ka ɗauki kwafin rumbun, in PostgreSQL ne da kayan ɗaukar kwafinsa mai suna pg_dump, ka fitar da kowane tebur a CSV, fayil ɗin da Excel ma ke buɗewa, ka haɗa da fayilolin da aka loda kamar hotuna da rasit don su sau da yawa ba sa cikin rumbun, ka kuma rubuta lambar sigar da kake kai. Sai ka samu wata kwamfutar daban ka gwada tayar da komai daga wannan kwafin kaɗai. In ya tashi ka ga mambobinka cif, ci gaba da aikinka, ka saita kwafin ya riƙa ɗaukar kansa kullum zuwa wani wuri daban, ka kuma koya wa mutum na biyu a ƙungiyar yadda ake dawo da shi. In ya ƙi tashi, turo min saƙon kuskuren da ya nuna maka da sunan manhajar mu duba tare.