Shin Gaskiya Ne Mota Ba Ta Isa Ta Taɓa Mai Keke a Holan Ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana yana karatu a Utrecht, zan kai masa ziyara a watan Yuni, ya kuma matsa sai mun yi yawon kwana uku a kan keke. Shekarata 58, rabona da keke ya fi shekara 20. Yana ta kwantar min da hankali wai a can mai keke ne sarkin titi, ko shi ya yi kuskure direba ne mai laifi. Ni dai zuciyata ta ƙi kwanciya. Wace hanya za mu bi, kuma gaskiya ne abin da ya faɗa?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Zuciyarka ta fi ɗanka gaskiya, amma bari mu fara sallamar batun hanya, don shi ne mai sauƙi.

Daga Utrecht ku bi bakin kogin Vecht, ta Breukelen da Loenen har Muiden, tafiyar kilomita 40 ko kusa da haka, shimfiɗaɗɗiya ba hawa ba gangara. Rana ta biyu ku je gandun dajin Hoge Veluwe, inda fararen kekuna ke ajiye kyauta ga duk wanda ya biya kuɗin shiga. Ɓata hanya kuwa cire shi daga ranka. Manyan mahaɗun hanyoyin yawo kowace da lambarta, tsarin da wani injiniyan haƙar ma'adinai, Hugo Bollen, ya ƙirƙiro a Limburg ta Beljiyam a 1995. Ku rubuta lambobin a takarda ku bi su ɗaya bayan ɗaya. Iska ce kawai abokiyar gabarku, ta fi kaɗowa daga kudu maso yamma, saboda haka ku duba hasashen yanayi kafin ku fita.

Yanzu ga abin da ke ci min tuwo a ƙwarya. Ba na mako guda ban ji wani baƙo ya maimaita min maganar nan ta ɗanka ba, galibi daga gajerun bidiyon masu yawon buɗe ido da suka yi kwana biyu a Amsterdam suka koma gida malamai. Ƙarya ce mai kisa, kuma abin haushin shi ne tana da ɗan tushe. Sashe na 185 na dokar zirga-zirgar ƙasar magana yake a kan diyya. Idan mota ta buge mai keke, inshorar mai motar kan biya aƙalla rabin asarar ko da mai keken ne ya yi kuskure, sai dai idan direban ya tabbatar ba shi da laifi ko na ƙwayar zarra. Idan yaro ne ƙasa da shekara 14, kusan kullum duka ake biya. Ka lura da kyau: wannan hukunci ne na bayan an kwashe mutum zuwa asibiti. Bai ba ka izinin wucewa a ko'ina ba, kuma kuɗin inshora ba ya ɗora karyayyen ƙugu.

Dokar wucewa daban take, kuma ta hau kanka kamar yadda ta hau kan direba. Ka ga jerin ƙananan alwatika farare a kan kwalta, tsininsu na kallonka? 'Yan ƙasar na kiran su haƙoran kifin shark, ma'anarsu kai ne mai dakatawa. A mahaɗar da ba alama, na hannun dama ke fara wucewa, jirgin ƙasan cikin gari kuwa kowa ke ba shi hanya. Inda baƙi suka fi faɗawa tarko shi ne shataletale: a cikin gari yawanci mai keke ake jira, a bayan gari kuwa yawanci shi ke jira. Mutum ya saba kwana biyu motoci na tsaya masa a Utrecht, ya fita ƙauye da wannan sabo, sai a ji salati. Kada kuma ka tsaya a gefen dama na babbar mota a danja, direban ba ya ganinka.

Masu yaɗa jita-jitar nan ba su san da me aka sayi titunan ba. A 1971 mutum fiye da 3,000 suka mutu a hatsarin hanya a Holan, fiye da 400 daga ciki yara ne. Iyaye suka fito zanga-zanga da taken Stop de Kindermoord, wato a daina kisan yara. Ƙarancin man fetur na 1973 ya zo, aka hana motoci fita ranakun Lahadi, a 1975 aka kafa ƙungiyar masu keke da ake kira Fietsersbond a yau. Abin da suka yi fafutuka a kai shi ne a raba keke da mota, a rage gudu a unguwanni, domin sun san jikin ɗan Adam ba ya karo da ƙarfe. Duk da haka a 2022 masu keke 291 suka rasu, akasarinsu masu manyan shekaru, wasunsu ma ba mota ce ta taɓa su ba, faɗuwa suka yi. Wannan ya shafe ka kai tsaye, Malam.

Don haka ka yi haƙuri ka saka hular kwano, ko da ka ga ba kowa ke sakawa ba. Ka ce wa mai haya ya ba ka keke mai birkin hannu, domin da yawa birkinsu sai an maido feda baya, wanda bai saba ba kuwa ƙafarsa ba ta tunawa a lokacin firgici. Keke mai batir ka bar shi sai wata tafiyar, nauyinsa da saurinsa sun fi ƙarfin hannun da ya daɗe bai riƙe kan keke ba. Riƙe waya a hannu kana tuƙi laifi ne tun Yulin 2019, tara ake ci. Ranar farko ku tafi wurin shaƙatawa ka yi awa ɗaya kana gwada tsayawa da miƙa hannu kafin juyawa, sannan ku kama hanyar Vecht.