Amsa ga mai son fara tsara shafi a kwamfuta daga ƙauye

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na ga tambayarka: kana ƙauye a ƙasar Gumel, ka samu laftof ta hannu, kana son ka fara tsara katin biki, takardun jarrabawar Islamiyya da ɗan littafin walimar sauka, shi ne kake neman a gaya maka manhajar da za ka fara da ita. 'Yan uwa sun jefo maka sunaye iri-iri, Allah ya saka musu. Ni shagon buga takardu nake riƙe da shi a nan wajen Ringim, to bari in faɗi nawa.

Zancen manhaja ba shi da tsawo. A nan arewa CorelDRAW ce ke ci, kusan duk madaba'ar da ka shiga a Kano da ita za ka tarar ana aiki, don haka kati, kalanda da fosta ita za ka koya. Amma ba a yi ta don dogon rubutu ba. Littafi aikin InDesign ne, wadda ta fito a 1999 ta gaji PageMaker da manyanmu suka yi aiki da ita, sai dai kuɗin haya ake biya mata wata-wata, abin da ba zan ɗora wa mai farawa ba. Scribus ma tana aikin littafi, ita kyauta ce, kuma da ka sauke ta ba ruwanka da data. Publisher kuwa kada ka ɓata mata lokaci, kamfanin Microsoft ya sanar da daina kula da ita daga Oktoban 2026. Zaɓi ɗaya ka zauna a kanta har hannunka ya faɗa.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne, aikin nan daga takarda yake farawa. Kafin ka buɗe komai, ka san girman da za a buga, injin da zai buga, da yadda za a naɗe shi. A4 milimita 210 ce da 297, in ka ninke ta biyu ka samu A5, girman yawancin littattafan walima ke nan. To ɗauko farar takarda guda biyu, haɗa su ka ninke tsakiya, ka bi da biro kana rubuta lamba daga 1 zuwa 8. Sai ka warware. Za ka ga 8 da 1 a fuska ɗaya, 2 da 7 a bayansu, ɗayar takardar kuma 6 da 3, bayanta 4 da 5. Daga nan za ka gane dalilin da ya sa littafin da ake dannewa da waya a tsakiya dole shafukansa su zama 8, 12, 16, hurhuɗu. Idan shugaban makaranta ya kawo maka abin shafi 10, ko ka matse shi ya koma 8, ko ka cika 12 da sunayen mahaddata da jawabin godiya. In littafin ta dama ake buɗe shi, irin na Larabci, duk jerin nan juyewa yake yi, sai ka sake ninka wata takardar ka gani da idonka. Tela ma sai ya auna mutum yake sa almakashi.

Sai gefe. Firintar shago ba ta kai bugu har bakin takarda, tana barin fari zagaye. Ka bar wa rubutu aƙalla santimita ɗaya da rabi ta kowane ɓangare, ka ƙara ta wajen ninki. Idan kuma kati ne mai launi har baki da za a kai Kano a yanka da inji, ka sa launin ya zarce iyakar katin da milimita 3, don wuƙar yanka ba ta sauka daidai kullum, in ba haka ba sai ka ga farin zare a gefe.

Yanzu ga wurin da nake ganin yaran shaguna suna faɗuwa, wato ƙ, ɗ da ɓ. Ba kowane samfurin harafi ne ke da su ba. Ka ga wani mai lanƙwasa ya burge ka, ka rubuta "ɗaurin aure", sai ɗ ta fito ɗan akwati, ko manhajar ta aro ta daga wani samfurin ta tsaya daban cikin 'yan uwanta. Times New Roman da Arial na Windows ɗin yanzu suna da su, haka Charis SIL, Andika da Noto, waɗannan ukun kyauta ne. Windows tana da madannan Hausa, ka kunna su a saitin harshe. Kafin ka so wani samfuri, fara gwada shi da "ƙauye, ɗaki, ɓera", manya da ƙanana. Kuma samfuri biyu sun ishi shafi, ɗaya na kanu ɗaya na jiki. Kati mai samfuri shida da inuwa da furanni a kowace kusurwa, ni dai ban ga kyansa ba, ko da yake wasu angwayen shi suke so, sai ka lallaɓa su. Girman rubutun jiki 11 ko 12, in dattawa ne za su karanta ka kai 14.

Larabci kuma a yi hattara. Tsofaffin manhajoji kan tsinka haruffan ko su jero su daga hagu. Scribus daga 1.5.3 zuwa sama tana iya rubutun dama. Aya ko hadisi kada ka yarda ya fita shagonka sai malami ya duba wasali ɗaya-ɗaya, ka kuma tambaye shi Warshu ake so ko Hafsi, don abin da za ka kwafo a intanet yawanci Hafsi ne, alhali makarantun allonmu Warshu suke karantawa.

Hoto: wanda aka turo ta WhatsApp a matsayin hoto an riga an matse shi, a waya fes, a takarda dishi-dishi. Ka ce a turo shi a matsayin fayil. Bugu mai kyau yana son ɗigo 300 a kowane inci, wato hoton da zai kai faɗin santimita 10 yana buƙatar ɗigo wajen 1,200 a faɗinsa. In za ka ƙara masa girma, ja shi ta kusurwa, kada ka mayar da fuskar amarya kamar an danne ta. Launi ma allo da haske yake haɗa shi, inji kuwa da tawada huɗu, shi ya sa shuɗin da ke walƙiya a laftof yake fitowa a dushe. Ka sa aikinka a CMYK, wato tsarin launin tawada huɗun nan, tun farko, ƙananan rubutu kuma baƙi zalla.

In ka zo littafi, abu biyu za su rage maka wahala. Akwai shafin uwa, inda za ka sa lambar shafi da kan rubutu sau ɗaya su bayyana ko'ina. Akwai kuma salon sakin layi: ka ƙayyade yadda kanu zai kasance, in mai aiki ya ce a canza, wuri ɗaya za ka taɓa. Kada ka riƙa tura rubutu da madannin tazara, ana gyara kalma ɗaya komai zai watse.

Ranar kai aiki madaba'a, fara kiran su ka ji wace CorelDRAW gare su, don tsohuwa ba ta buɗe fayil ɗin sabuwa sai ka adana shi a tsohon zubi. Ka zaɓi rubutun duka ka danna Ctrl da Q ya koma zane, yadda ko ba su da samfurinka ba abin da zai canza, amma ka ajiye kwafin da ba ka mayar ba, saboda zane ba ya gyaruwa. Ka haɗa da PDF. Batirin laftof ta hannu kuwa ba amana gare shi ba, musamman inda sai sola ko janareta, don haka danna Ctrl da S, mai adana aiki, ya zame maka jiki.

Kuma kafin a buga ɗari biyar, fitar da guda ɗaya ka ba mai aikin ya karanta a gabanka, sunaye, lokaci, da ko kwanan watan ya dace da ranar da aka rubuta, ya sa hannu a bayansa. In ka tsara na farkon, turo shi nan zauren mu duba maka. Allah ya sa albarka.