Amsa ga ɗan'uwan da aka ce ya biya kuɗin fito da tallafi

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Wallahi tambayarka ta sosa min rai, don da yawanmu a zauren nan mun san ɗacin abin da kake ciki. Ka ce wani ya bi ka ta saƙon sirri, ya ce wata gidauniya ta ƙasar waje ta zaɓe ka cikin waɗanda za a ba tallafin jari, ka biya kuɗin rajista, yanzu kuma wai kuɗin ya maƙale a banki sai ka biya haraji kafin a sako shi. Kana tambaya ko ka ƙara biya, in kuma cuta ce ina za ka kai ƙara.

Kada ka ƙara musu ko sisi. Damfara ce tsagwaronta, kuma babu wani tallafi da ya maƙale a ko'ina. In ka biya harajin nan, gobe za a ce kuɗin takardar shaidar cewa kuɗin ba na ta'addanci ba ne, jibi kuɗin lauya, gata kuɗin canji. Ba ya ƙarewa sai ranar da ka ce ba ka da shi. Ka tambaye su abu ɗaya: tunda kuɗina yana hannunku, me ya hana ku cire harajin daga ciki ku turo min saura? Za su kawo maka dogon bayani, wai doka ta hana a taɓa kuɗin, wai an kulle shi da inshora. Wannan amsar kaɗai ta ishe ka shaida. Duk wanda zai ba ka kyauta, ko gado, ko rance, ko aiki, ya ce sai ka ba da kafin alƙalami, to kafin alƙalamin shi ne cinikinsa gaba ɗaya.

Abin da ya fi ƙona min rai da mutanen nan shi ne irin waɗanda suke zaɓa. Ba mai wadata suke nema ba. Suna shiga zaurukan masu neman aiki, da na ɗalibai masu neman gurbin karatu, da na masu jinya, su yi shiru kwana da kwanaki suna karanta abin da kowa yake rubutawa. Wanda ya ce an sallame shi daga aiki, su rubuta sunansa. Wadda ta roƙi addu'a saboda ɗanta yana asibiti, su ɗauki lambarta. Sannan su zo da sallama, da ambaton Allah, da "mun ga halin da kake ciki". Mutum yana cikin ƙunci, ya ga kamar addu'arsa ce aka amsa, ya je ya ci bashi ya tura musu. Suna sane sarai cewa kuɗin magani ne ko kuɗin makaranta, su karɓa, su kuma dawo su ce a ƙaro. In ka nuna shakka su yi fushi, su ce kana zargin mutanen kirki, su ce akwai mutum ɗari a layi da suke jiran gurbinka, nan da awa 24 za a ba wani. Su ce kada ka gaya wa kowa don mahassada. Wannan "kada ka gaya wa kowa" ɗin ba don kare ka ba ne, sun san da zarar wani na kusa da kai ya ga saƙon zai gane su. Allah ya isa tsakaninmu da su.

Kuma kada ka zauna kana cin kanka wai ya aka yi ban gane ba. Sana'a ce tsohuwa. Tun ƙarni na 19 ake aika wasiƙu a Turai da Amurka da labarin wani attajiri da aka kulle a kurkuku a Sifaniya, wai a taimaka da kuɗin fito da shi a sami kaso cikin dukiyarsa. Daga wasiƙa aka koma faks, aka koma imel, yanzu WhatsApp da Facebook da Telegram. Lambar 419 da kowa yake kiransu da ita ma daga sashe na 419 na kundin dokar laifuka ta Najeriya ta fito, sashen da ya yi magana kan karɓar dukiya ta hanyar yaudara. A 2012 wani mai bincike a Microsoft, Cormac Herley, ya yi bayanin dalilin da ya sa saƙonninsu na farko suke cike da ƙarya mai kauri: da gangan ne, don mai shakka ya watsar tun farko, su rage da wanda zai bi su har ƙarshe, kada su ɓata lokaci. To amma yanzu da yawansu sun gyara rubutu, har da tambarin hukuma da takarda mai hatimi, saboda haka kada wani ya dogara da kuskuren rubutu wajen gane su.

Abin da za ka yi yau ɗin nan, kafin ma ka gama karanta amsoshin mutane: kira bankinka ta lambar da ke bayan katinka ko ta manhajarsu, ba lambar da ka samo a intanet ba. Ka ce an damfare ka, ka ba su ranar da ka tura, da lokaci, da adadin, da lambar asusun da ya karɓa, da lambar shaidar cinikin da ke jikin rasit. Ka nemi su tuntuɓi bankin da kuɗin ya shiga a dakatar da asusun. Saurin nan shi ne komai, domin kuɗi ba ya kwana a asusun farko, ana rarraba shi ko a cire shi cikin awanni. In ta katin kyauta ka biya ko kuɗin kirifto irin USDT, gaskiya dawowarsa da wuya, shi ya sa suke son su. Duk da haka ka kai rahoto ga kamfanin katin ko dandalin da ka saya, da lambar katin ko adireshin jakar kirifton da ka tura wa.

Kada ka goge hirar, kada kuma ka yi masa bulok tukuna. Mutane cikin fushi suna goge komai, sai an tambaye su shaida su rasa. Ka fara ɗaukar hoton allo na hirar daga farko har ƙarshe, yadda lambarsa da kwanan wata za su fito. Ka ɗauki hoton shafinsa, ka kwafi adireshin shafin in a Facebook ne, don suna sauya suna da hoto amma adireshin yana taimakawa wajen gano asusun. Saƙon murya da takardun da ya turo ka adana su a wani waje daban. Bayan nan sai ka yi masa rifot. A WhatsApp ka buɗe hirar, ka taɓa sunansa a sama, ka sauka ƙasa za ka ga Report. Saƙonni biyar na ƙarshe da ya turo maka za su tafi wajen kamfanin, shi kuma ba za a sanar da shi ba. A Facebook ɗigo ukun nan na gefen shafi ko saƙo za ka danna, ka zaɓi zamba. A Telegram akwai @notoscam da ake tura musu irin wannan. Sannan ka yi bulok. Kada ka tsaya zaginsa ko gaya masa ka gano shi, ba abin da zai ƙara maka, sai dai ya goge saƙonninsa ya gudu da wuri.

Rifot a manhaja asusunsa na manhajar kawai yake rufewa, ba ya kama kowa. Sai ka kai ƙara a rubuce ga 'yan sanda ko hukumar yaƙi da zamba ta ƙasar da kake. A Najeriya EFCC ce, kuma akwai dokar 2006 da aka yi musamman kan irin wannan damfara. In abin ya shafi Amurka, FBI tana karɓar ƙorafi ta ic3.gov. Ka riƙe lambar ƙorafin da za a ba ka, banki yakan nema.

Af, wani abu da nake tsoro a kanka. Tunda ka rubuta wannan a fili, wasu za su biyo ka su ce su ƙwararru ne wajen dawo da kuɗin da aka sace, ko su ce su jami'ai ne, ka biya kuɗin buɗe fayil. Sau da yawa mutanen farko ne suka sauya riga, ko waɗanda suka sayi lambarka a wajensu. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Duk wanda ya bi ka ta sirri da wannan magana, shi ma rifot.

Ina roƙon admin ɗinmu kuma, don Allah a duba yadda mutumin nan ya shigo. In mahaɗin shiga zaure yana yawo a fili, a sauya shi, a kunna tsarin da sai admin ya amince kafin sabon mutum ya shiga. A cire lambar, a sanar da jama'a salon saƙon don wanda aka tura wa irinsa ya gane. Amma a yi hattara da yaɗa hoton da ke shafinsa ko sunan mai asusun bankin. Hoton galibi na wani bawan Allah ne aka sata, ka saka shi a Google Lens ko TinEye za ka gan shi a wurare da sunaye daban-daban. Mai asusun ma wani lokaci wanda aka yaudara ne da sunan aiki, aka ce ya riƙa karɓa yana turawa. A bar wa hukuma ta tantance.

In ka tura musu hoton katin shaidarka ko na banki, ka gaya wa bankin wannan ma, a toshe katin a ba ka sabo, ka sauya kalmar sirrin imel ɗinka. In sun taɓa cewa ka karanto musu lamba shida da ta shigo maka ta tes, to WhatsApp ɗinka suke so su ƙwace su riƙa roƙon mutanenka kuɗi da sunanka. Wanda hakan ta riga ta faru da shi ya sake yin rajista da lambarsa, wannan zai fitar da ɓarawon; in ɓarawon ya riga ya sa nasa fin, wato lambar sirrin da ake kulle WhatsApp da ita, ana iya jira har kwana 7 kafin a shiga. Kai dai ka shiga Settings, Account, ka kunna Two-step verification yanzu ka sa naka fin, ka haɗa da imel ɗinka. Allah ya mayar maka da alheri, ka dawo ka gaya mana abin da bankin ya ce.