Masu ƙin sayen makamai a Ingila kafin yaƙin Hitila

Salamu alaikum. To ƙanina, na saurari muryarka. Ka ce wai waɗanda suka yi ta adawa da ƙarin kuɗin makamai a Ingila kafin yaƙin Hitila matsorata ne. Ni na san inda ka dosa, so kake ka ce su suka jawo yaƙin.

Mutanen nan fa ba su daɗe da fitowa daga Yaƙin Duniya na ɗaya ba. A fagen daga na Somme a Faransa, ranar 1 ga Yuli 1916, sojojin Birtaniya sama da 19,000 suka mutu. Wuni guda! Uwar da ɗanta ya tafi bai dawo ba, ita za ka ce wa a ƙaro igwa? Ai wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura.

Ni George Lansbury ne ke ba ni tausayi. Dattijo ne mai riƙo da addininsa na Kirista, shugaban jam'iyyar adawa ta Leba, ya fito fili ya ce da shi ke da iko sai ya rufe ofisoshin ɗaukar soja, ya sallami rundunar baki ɗaya. Da Mussolini shugaban Italiya ya tasar wa Habasha a 1935, Ernest Bevin, wani jagoran ƙungiyar ƙwadago, ya wanke Lansbury tas kan wannan ra'ayi nasa a taron jam'iyya a garin Brighton, dole ya sauka daga shugabanci. Bai daddara ba, ya tashi takanas har Jamus wurin Hitila a 1936... a'a, Afrilun 1937 ne. Ya dawo yana ganin za a iya kauce wa yaƙi. Nan kam ya tafka kuskure, ba na musu.

Amma wa ke riƙe da mulki? Su Baldwin da Chamberlain ne, firayim ministocin jam'iyyar 'yan mazan jiya, da rinjaye mai yawa a majalisa. Baitulmali a hannunsu yake, ba a hannun Lansbury ba.

Sannan ƙuri'ar zaman lafiya ta 1935 da kake kafa hujja da ita, wato ƙuri'ar jin ra'ayin jama'ar Birtaniya kan yaƙi da makamai, mutum sama da miliyan 11 suka jefa, kuma mafi yawansu sun yarda a ɗauki matakin soja kan ƙasar da ta kai hari idan ta kama. Wannan na rubuta a jarrabawa wani malaminmu ya zaftare min maki, wai na saɓa wa takardar da ya raba mana. Shekara nawa ke nan, wallahi har yau abin na ci min rai. Da na bi shi ofis da hujjata, ko ɗago kai bai yi ba.