Likita ya tura ni ajin masu ciwo: ya gaji da ni ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Birmingham ta Ingila, kuma shekara huɗu ke nan ina fama da ciwon baya. An yi mini hoto ba a ga abin tayar da hankali ba, magunguna kuma sun daina yi mini aiki. Yanzu likita ya ce in shiga wani shiri inda ake tara masu ciwo ana koya musu yadda za su kula da kansu. Yana nufin ciwona ba na gaske ba ne, ko kuwa ya gaji da ni ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah Ya ƙara sauƙi. Ciwonki na gaske ne, kuma wannan turawa ba kora da hali ba ce. A wajen likitoci, ciwon da ya wuce wata uku yana da hukunci dabam da na sabon rauni, har ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba shi matsayi na kansa a kundin cututtuka da ya fara aiki a 2022. Dalili shi ne, idan ciwo ya daɗe, jijiyoyi da laka da ƙwaƙwalwa sukan ƙara saurin amsawa, ta yadda ɗan sunkuyo da bai cutar da komai ba zai iya tayar da zafi mai tsanani, kamar dai wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga baƙin tsumma sai gudu. Hoto ba ya nuna wannan, ƙwaya kuma ba ta cika gyara shi ba. Shi ya sa a 2021 hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta ba da shawarar kada a fara ba masu daɗaɗɗen ciwon da ba a gano wata cuta a ƙarƙashinsa ba magunguna masu ƙarfi dangin tiramadol, ta fifita motsa jiki ƙarƙashin kulawa da kuma jinya ta hanyar tattaunawa.

Shirin ba sabon abu ba ne. Wata ma'aikaciyar jinya mai suna Sandra LeFort ta tsara ɗaya daga cikin sanannun ire-irensa a Kanada a shekarun 1990, bisa aikin Kate Lorig ta Jami'ar Stanford a Amurka. A yadda ake gudanar da shi yanzu, zama shida ne, sau ɗaya a mako, awa biyu da rabi kowane zama, kuma masu jagoranta galibi su ma masu ciwon ne. Na asibitocin Ingila kuwa ma'aikata ne ke gudanar da shi, yawanci masanin halayyar ɗan'adam da likitan gashin ƙashi, wani lokaci tare da nas.

Darasin da na fi ganin amfaninsa shi ne auna aiki. Na tabbata kin san wannan hali: ranar da baya ya lafa sai ki haɗa wanki da shara da cefane da girkin baƙi, washegari kuma ki kwanta kwana uku, kuma duk lokacin da aka maimaita haka ƙarfin jiki na raguwa, tsoron motsi na ƙaruwa. A ajin za a sa ki gano tsawon lokacin da za ki iya tsayuwa ko tafiya ba tare da ciwon ya taso ba, ki fara da ƙasa da haka, ki riƙa yin adadin nan a rana mai daɗi da marar daɗi, sannan ki ƙara kaɗan-kaɗan. Abin da zai fi ba ki wuya shi ne ajiye tsintsiya alhali kina jin za ki iya ƙarasawa. Ana kuma koyar da numfashi da sakin jiki, gyaran barci, tanadin ranar da ciwo ya motsa, da yadda za ki yi wa iyali bayani ba tare da an ɗauke ki mai raki ba.

Kada ki shiga da zaton za a cire ciwon. Abin da bincike ya fi nunawa shi ne raguwar damuwa da ƙaruwar abin da mutum ke iya yi, zafin kansa kuwa sau da yawa kaɗan yake raguwa, kuma wanda bai gwada darussan a gida ba da wuya ya amfana. Ba a tilasta wa kowa faɗin sirrinsa a gaban jama'a, kina iya neman tafinta tun kafin a fara, kuma ki gaya wa likitan gashin yadda ruku'u da sujada suke yi miki domin a saka su cikin burin da za ki sa wa kanki. Kada ki daina maganin da kika daɗe kina sha rana ɗaya. Da likita ake rage shi a hankali. Idan kuma kika ga ramar da ba dalili ko zazzaɓi tare da ciwon, ki koma wa likita da wuri, amma kasa riƙe fitsari ko bayan gida, mutuwar jiki a tsakanin cinyoyi, ko sabon rauni a ƙafafu, waɗannan na sashen gaggawa ne a ranar, ba na jiran aji ba.