Baƙin Mai a Ruwan Lagireto: Kafin a Sauke Kan Inji

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da Golf 3 samfurin 1995, inji 2.0, mai giyar hannu, ina ɗaukar fasinja da ita tsakanin Funtuwa da Zariya. Makon jiya na buɗe robar da ake zuba ruwa sai na tarar da wani abu mai kauri kamar kunun gyaɗa yana yawo a sama. Motar ba ta zafi, ba ta hayaƙi, ƙarfinta na nan, amma baƙin mai yana raguwa. Makanikena ya ce tof gasket ne, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa, sai an sauke kan inji. Kuɗin da ya faɗa sun fi ƙarfina a yanzu. Mene ne shawararka? Daga wani direba a Funtuwa.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya kawo sauƙi. Kada ka bari a kwance ko ƙusa ɗaya a kan injin nan tukuna. Ban ce makanikenka bai san aikinsa ba, gasket na iya yin haka. Amma alamun da ka lissafa sun fi nuna mini wani wuri daban, kuma gwada shi ba zai ci maka ko rabin yini ba.

Duba daidai inda ake ɗaura filtar mai. Za ka ga wani ɗan akwatin ƙarfe tsakanin filtar da jikin inji, tiyo biyu na ruwa suna shiga cikinsa. Shi ne kular mai, wato abin da ke sanyaya baƙin mai. Mai yana bi ta gefe guda, ruwa ta ɗaya gefen, abin da ya raba su ƙarfe ne siriri. Motar da ta kai shekara talatin, wadda kuma mai yiwuwa tun da ta shigo ƙasar nan ruwan rijiya ko na burtsatse take sha, tsatsa kan cinye ƙarfen nan har ya huje. Idan inji na aiki, ƙarfin da famfo ke tura mai da shi ya fi na ruwa, shi ya sa man ke kutsawa cikin ruwa, motar kuwa ta ci gaba da gudunta lafiya lau. Abin da ka bayyana ke nan.

Ga yadda nake gwadawa a garejina. A bari inji ya huce sarai, don buɗe murfin robar nan da zafi ya sha ƙona mutane a fuska da hannu. A cire tiyo biyun daga jikin kular, a haɗa su da guntun bututu, a ɗaure da kilif. A cika ruwa, a tayar da mota, a zuba wa bakunan kular biyu da aka bari a buɗe ido. In mai ya fara tsattsafowa ta nan, magana ta ƙare. In hujin ƙarami ne bai nuna ba, a kwance kular, a toshe baki ɗaya, a kai wa mai faci ya hura iska ta ɗayan tana nutse cikin bokitin ruwa. Kumfa zai tona asirinta. In za ka saya a Panteka ko Ƙofar Ruwa, ka sa a yi wa wadda za a ba ka irin wannan gwajin a gabanka, don ta hannu ma ta sha nata ruwan. Kuma a sa sabon zoben roba mai hana yoyon mai da ke bayanta.

To, in kular ta fita lafiya fa? Sai a koma ga maganar makanikenka. Da safe, inji da sanyi, buɗe murfin robar ka tayar. Kumfa mai tasowa ba ƙaƙƙautawa, ko babban tiyo ya yi tauri cikin ɗan lokaci, alama ce iskar silinda na shiga ruwa. A ciro fulogai, wanda ya fi sauran tsabta kamar an wanke shi yana nuna inda ruwa ke zuba. A auna kwamfireshan, wato ƙarfin matsin iska a cikin kowace silinda. Sai dai ka sani, gasket kan yanke tsakanin hanyar mai da ta ruwa kawai, silinda huɗun su ba da awo mai kyau, don haka kyan awo bai wanke gasket ba. In ta kai ga saukewa, a kai kan injin a duba ko ya lanƙwashe ko ya tsage kafin a mayar. Yana ba ni takaici in ga direba ya ci bashi ya sa sabon gasket alhali kan injin ya karkace.

Zaro sandar awon mai ka duba. In man ya yi fari-fari ko ya haura alama, ruwa ya shiga inji, kada ka sake tayar da ita ko da zuwa gareji ne, a ja ta. Masu giyar otomatik kuma su lura da launi: in abin da ke yawo a ruwan ja-ja ne, yana iya zama man giya daga tasa kular.

Bayan an gama gyara, wankin hanyoyin ruwa ne mutane ke rainawa, alhali mai yana kumbura tiyo ya sa su laushi, ya toshe ƙananan hanyoyin lagireto. A cire tamostat, wato bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanya idan inji ya yi zafi, na ɗan lokaci, a zuba ruwa da ɗan sabulu marar yawan kumfa, inji ya yi ɗumi, a zubar, a maimaita har ruwan ya fito garau. Robar zuba ruwan kanta a cire ta a wanke daban. Duk tiyon da ya yi taushi a canza. Sannan a mayar da tamostat ɗin, don Allah, duk da na san za a ce maka ƙasarmu ta yi zafi ba a bukatarsa. A cika da kulant na gaske, wato ruwan sanyaya inji mai hana tsatsa, haɗe da ruwa mai tsabta. Kwanakin farko za ka ga ɗan maiƙo yana tasowa, ragowa ce. Kwashe shi, ka riƙa duba sandar mai kowace safiya kafin ka shiga layi, in man ya ci gaba da raguwa ka sake rubuto mini.